Waiwaye: Gaiwa Jikinta Take Ci

Duk wanda ya taso tsakanin Tasawa da Mayahi ya san ruwa baƙo ne a wurinmu. Ƙasar jigawa ce, ta gero da wake da goriba. Gulbin Kaba da ya ratsa Mayahi da wuya ya yi gudu, sai dai damina ta bar mana tabkuna da kududdufai, wasu su ƙafe kafin hunturu ya fita, wasu su kai bazara. Duk da haka muna da masunta, kuma kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana cikinsu.

Fari ne ya koya masa su. Bayan farin 1973 ya bi samarin garinmu cin rani gabas, har bakin Tabkin Chadi ta wajen Gigimi da Boso. Tabkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya riga ya fara ja da baya, amma akwai kifi, akwai kasuwar banda. Can ya iya jefa birgi, ya iya shimfiɗa mamari, ya iya zama kan gora tun asuba har rana ta take. Da yunwar 1984 ta zo, wadda mutanenmu ke kira El Buhari, kuɗin banda ne ya riƙe gidanmu. Kowace shekara yakan dawo ya yi noma, in an cire amfanin gona ya koma.

A 2015, bayan harin da aka kai tsibirin Karamga, hukuma ta kwashe mutane daga tsibiran tabkin, aka kuma hana sana'ar kifi a yankin Diffa. Kawu ya dawo gida dungurungum, yana da shekara kusan 65, ƙafarsa da ƙarfi, kafaɗarsa kamar ta saurayi. A nan ne mu 'ya'yansa muka yi kuskuren da ya sa nake wannan rubutu.

Muka taru muka ce masa, "Kawu, ka yi mana wahala ta isa. Yanzu lokacinmu ne, kai dai ka huta." Muka karɓe masa gona, muka hana shi ɗaukar ko da buta mai nauyi, muka shimfiɗa masa tabarma a gindin bedi. Shayi ba ya yankewa, goro ba ya yankewa. In ya miƙe zai je kasuwa, sai a kira masa ɗan kabu-kabu. A ganinmu biyayya ce, kuma da zuciya ɗaya muka yi ta.

Bayan damina biyu, wani tabki kusa da mu ya cika, aka ce tarwaɗa da karfasa sun yi yawa. Kawu ya ɗauko birginsa ba tare da ya gaya wa kowa ba. Na bi shi a baya. Ya shiga ruwa iya gwiwa, ya tattara birgin a hannu kamar yadda ya yi shekara arba'in, ya juya jiki zai jefa. Birgin bai buɗe ba. Ƙafarsa ta zame cikin laka, ya faɗi a kan kwankwaso. Da na ɗago shi na ji hannunsa ya zama kamar kara. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ruwa bai canza ba. Ni ne kuka ajiye."

A tabkin nan, a ranar nan, akwai abokin tafiyarsa, dattijon da muke ce wa Baba, wanda ya girme shi da shekara uku. Shi bai samu masu hutar da shi ba. Da ƙafa yake zuwa gonarsa, shi ke jan guga ya shayar da awakinsa, da rani yana yankan kaba yana tufka igiya. Yana tsaye cikin ruwa yana jefa birginsa, ba da ƙarfin da ba, amma yana buɗewa.

Kowane masunci ya san gaiwa. In tabki ya ƙafe takan nutse cikin laka ta kwanta wata da watanni, ba ci ba motsi, tana rayuwa da tsokar jikinta har ruwa ya dawo. Shi ya sa ake cewa gaiwa jikinta take ci. Tsohon da aka zaunar haka yake. Masana lafiya sun nuna cewa daga shekara 30 tsokar mutum kan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, kuma raguwar kan ƙara sauri bayan shekara 60. Abin da ke rage mata gudu shi ne aiki da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da aikin ƙarfi kwana biyu, sannan ga wanda ya kai 65 a ƙara da abin da ke horar da tsayuwa don kada ya riƙa faɗuwa. Tafiya cikin rairayin jigawa, jan guga, tashi daga tabarma ba tare da dafa bango ba: duk muna da su a ƙofar gida, mu ne muka raba Kawu da su.

Da muka kai shi likita, aka gano abin da zama kaɗai bai haifar ba. Jininsa ya hau, bai taɓa aunawa ba, domin hawan jini ba ya sallama. Aka ce ya rage gishiri da dunƙulen miya, kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ba. Aka kuma samu tsargiya. Ya ce tun yana saurayi yake ganin jini a ƙarshen fitsari, kuma a bakin tabki ana ɗaukar wannan kamar gadon sana'a. Ba gado ba ne. Tsutsa ce da ke fitowa daga katantanwar ruwan kwance ta huda fata, in ta daɗe ta lalata mafitsara da ƙoda. Maganinta praziquantel, wanda Nijar ke rabawa jama'a tun 2004. Ƙasar da aka tabbatar ta rabu da kurkunu a 2013 ba ta rasa yadda za ta yi da tsargiya ba, in manya sun daina ganin maganin na 'yan makaranta ne kawai.

Sauran darasin daga bakin Baba na ji shi, ranar da ya zo gaishe da Kawu. Ya ce tun da ya haura sittin ya daina shiga ruwa shi kaɗai. Ba ya shiga da sanyin asubar hunturu sai rana ta ɗaga, ba ya kuma tsayawa cikin zafin Afrilu da Mayu in ta kai tsaka. Yana shan ruwa ko bai ji ƙishi ba, kuma gaskiyarsa, domin jin ƙishirwa kan dushe da tsufa. Malfa ba ta barin kansa, saboda hasken da ke dawowa daga ruwa yana gajiyar da ido, rana kuma tana cikin abin da ke kawo yana. Ba ya sayar da kamunsa duka, sai ya ware na tukunya, ya haɗa da wake da zogale da fura da nono. Ƙwayar tramol da samari ke haɗiya don su daɗe cikin ruwa kuwa, ya ce bashi ce, jiki ne zai biya.

Kawu ya taɓa ba ni labarin zuwansa Kwatano, inda ya ga ana jan taru daga teku zuwa gaɓa, mutane jere a kan igiya, igiyar ruwa na dukansu. Samari na gaba inda ruwa ke da ƙarfi, dattawa na baya suna ja daidai ƙarfinsu suna naɗe igiya. Ba wanda aka kora, wuri kawai ake sauya wa mutum. Na ji labarin tun ina yaro, ban gane shi ba sai da na ɗago mai labarin daga laka.

Kawu ya yi wata huɗu kafin ya taka sosai. Muka mayar masa da ɗan yanki na gonarsa. Masallacin da ya fi nisa yake zuwa yanzu, da sandarsa. Birgi ya fi ƙarfinsa, ya bar wa jikoki, amma shi ke ɗinke shi, shi ke nuna musu inda tarwaɗa ke kwanciya. In tabki ya cika yakan tafi da fatsarsa, jika ɗaya na biye da shi da gorar ruwan sha.

Ni ma na haura hamsin. Kwanan baya ɗana ya karɓe mini fartanya ya ce, "Baba, ka huta." Na yi masa godiya, na sa masa albarka, sannan na ce ya kama kunya ɗaya, ni in kama ta kusa da shi.