Nasiha ga Malamai da Almajirai a Kan Manɗiƙi da Falsafa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya girmama ɗan Adam da hankali, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani al'amari ne da ya faru a zaurena, nan Ƙauyen Alu. Akwai wani saurayi da ke ɗaukar karatun Risala a wurina da asuba, da hantsi kuma ya tafi jami'a. Ran nan ya zo ransa a ɓace, ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, jiya a wata majalisa a Gyadi-Gyadi an ga littafin falsafa a hannuna, aka ce na kama hanyar barin addini. Ko in ƙone shi?" Na ce, "Ɗana, wanda ya faɗa maka haka ya karanta Ahalari?" Ya ce lalle ya karanta. Na ce, "To, Shehu Abdurrahman Ahalari da ya koya masa alwala da ƙabli da ba'adi, shi ne dai ya rubuta Sullamu a kan manɗiƙi a shekara ta 941 ta Hijira, yana da shekara 21. Manɗiƙi kuwa Arisɗo Bayunane ne ya fara tsara shi. Ajiye littafinka, mu yi magana."

Ya ku 'yan'uwa, ra'ayina shi ne mun yi sakaci da wani fanni da magabatanmu suka riƙe, har muka mai da shi baƙo. Bari in kawo tarihin a taƙaice, domin wanda bai san mafarin zance ba shi ke yanke hukunci da gaggawa.

Falsafa kalmar Yunananci ce, ma'anarta son hikima. Suƙraɗu ya shahara a birnin Atina da tsayar da mutane yana tambayarsu mene ne adalci, mene ne jaruntaka, har ya bayyana ba su san abin da suke zaton sun sani ba. Suka ji haushi, aka yanke masa hukuncin shan guba a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa. Almajirinsa Aflaɗun ya tafi a kan cewa abubuwan da ido ke gani tamkar inuwa suke, haƙiƙarsu hankali ne ke riskarta. Almajirin Aflaɗun, watau Arisɗo, ya saɓa wa malaminsa, ya ce sani daga abin da aka gani aka taɓa yake farawa, kana ya shimfiɗa ƙa'idodin da ake auna hujja da su.

A zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, aka dage da juya littattafan Yunanawa zuwa Larabci a Bagadaza. Daga nan Alkindi ya fito, sa'an nan Farabi wanda ya rasu 950, sa'an nan Ibnu Sina wanda ya rasu 1037. Imamu Gazali, wanda ya rasu 1111, shi ya tsaya ya yi musu raddi. Amma ku duba yadda ya yi. Sai da ya zauna ya karance maganganunsu, ya rubuta littafi yana bayyana manufofinsu, kana ya rubuta Tahafutu, ya kama su a mas'ala 20. A uku daga ciki ya yi hukunci da kafirci: cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jikkuna. Manɗiƙi kuwa bai jefar da shi ba, ya ma sa shi a gabatarwar Mustasfa, littafinsa na usulul fiƙhi. Bayansa Ibnu Rushdi, alƙalin Ƙurɗuba, Bamalike, wanda ya rasu 1198, ya mayar masa da martani. Shi ne mai Bidayatul Mujtahidi da malamanmu ke buɗewa kullum in ana neman sababin saɓanin malamai.

Kada wani ya ce wannan zancen Gabas da Andalus ne. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Magili ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa nasiha a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, zuriyarsa kuma tana nan a Sharifai. Wannan Magili yana da waƙe a kan manɗiƙi. Da ya ji Imamu Suyuɗi na Masar ya haramta fannin, sai ya aika masa da baitoci yana jayayya da shi. Hujjarsa ita ce manɗiƙi ma'auni ne na gane daidai, kuma gaskiya ana karɓarta ko daga bakin wa ta fito. Suyuɗi ya amsa da nasa baitocin, ya kafa hujja da hanin da aka yi wa Sayyidina Umar game da takardar Attaura, kana ya rufe da gaisuwa da yabon falalar Magili. Ahmadu Baba na Tumbutu ya adana mana wannan musaya. Manyan malamai biyu ke nan, sun saɓa a kan halal da haram, babu wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga addini.

Haka kuma duk wanda ya karanta Ummul Barahina ta Shehu Sanusi, wanda ya rasu 1490, ya san da hukuncin hankali ta fara, watau wajibi da mustahili da ja'izi. A gidan Shehu Usmanu ma akwai jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda aka haifa 1804 ya rasu 1864, ya zauna a Salame, ya yi rubutu a kan hikimar falasifa da asalin halittu, ban da tarihinsa Raudatul Afkari. Shehu da kansa ya yi tsayin daka a kan wasu ɗaliban ilmin kalam na zamaninsa waɗanda ke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjoji irin na littafi ba. Wannan ya nuna wuƙar tana yanka ta kowane gefe in ta faɗa hannun maras tarbiyya.

Na san abin da masu tsoro ke tsoro, kuma ban raina shi ba. Ibnus Salahi da Nawawi sun hana manɗiƙi, su kuwa ba ƙananan mutane ba ne. Na ga yaran da suka ɗanɗani falsafa kaɗan suka fara ɗaga hanci ga iyayensu. Shi ya sa Ahalari ya zaɓi halatta shi ga mai lafiyayyen hankali wanda ya goge da Alƙur'ani da Sunna, ni ma a nan na tsaya. Sai dai ku lura da zamaninmu. A dā malami na iya ɓoye littafi a ƙasan adaka har almajiri ya isa. Yau shubuha tana cikin wayar da ke aljihun yaro, yana kwance a ɗaki tana zuwa masa. In ya kawo tambaya muka ce masa, "Yi shiru, kafirci ne," zai yi shiru a gabanmu, ya tafi ya tambayi wanda ba ya tsoron Allah.

Abin da zai ji a jami'a ma ba duka ne sabo ba. Dekart Bafaranshe, wanda ya mutu 1650, ya fara da shakkar kome har ya sami abin da ba ya shakkuwa, alhali Gazali ya ba da labarin irin wannan shakka da ta same shi a cikin Munƙizu tun shekara 500 kafin nan. Hiyum na Sikotlan, wanda ya mutu 1776, ya ce ganin abu na bin abu ba ya tabbatar da ɗaya ne ya wajabta ɗayan. Almajirin tauhidi ya daɗe da jin misalin wuta da auduga. Kant Bajamushe ya yi ƙoƙarin shata iyakar da hankali ba ya ƙetarewa, ya mutu 1804, shekarar hijirar Shehu zuwa Gudu. Yaron da ya san nasa ba zai firgita da na wasu ba.

Amfanin manɗiƙi har kasuwa ya kai. Wani zai ce, ɓarawo yana yawon dare, wane yana yawon dare, ashe wane ɓarawo ne. Jama'a su ɗauki sanduna. Mai manɗiƙi zai ce wannan ƙiyasi ɓatacce ne, zama mai gadi da ladan su ma suna fita da dare. Rayuka nawa irin wannan ƙiyasi ya ci! Fannin yana kuma koya wa mutum rarrabe burhani, watau hujja yankakkiya, daga daɗin baki da ruɗu, ya tilasta masa bayyana ma'anar kalma kafin ya yi gardama a kanta. Yawancin musun da nake ji a majalisun Tarauni, da an fara da tambayar me kake nufi da wannan kalma, da an tashi tun kafin shayi ya huce.

Saboda haka ga roƙona. Malamai su mai da Sullamu cikin karatun zaure ga wanda ya wuce Risala ya sami nahawu, baitocinta ba su kai 150 ba. A keɓe ranar Alhamis, da ba a karatun allo, a riƙa ba manyan almajirai tarihin falasifa, a nuna musu inda suka dace da inda suka zame, kamar yadda Gazali ya yi. Wanda bai karanci fannin ba kuma ya kame bakinsa daga kafirta wanda ya karanta. Ku kuma almajirai, kada ku shiga wannan kogi ba malami.

Saurayin nan bai ƙone littafinsa ba. Mun fara Sullamu da shi da wasu biyu, muna babin ta'arifi, Risala kuwa bai fasa ba.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta. Haza wassalam.