Raddi ga Masu Ƙin Fiɗiyar Karnuka da Kyanwoyi a Kan Rangwame

Fiɗiyar kare ko muzuru ita ce cire 'ya'yan marainansa. Ta mace kuwa sai an buɗe ciki an cire ƙwayayen haihuwa, galibi har da mahaifa. Likitan dabbobi ne ke yin aikin bayan ya yi wa dabbar allurar barci, kuma cikin kwana goma zuwa mako biyu ɗinkin ya warke. A shirin rangwame, hukuma ko ƙungiyar agaji ce ke ɗaukar mafi yawan kuɗin, don mafarauci da maigadi da matar da mage ta haihu a bayan rumbunta su iya kai dabbobinsu. Masu ƙin shirin suna kafa hujjoji biyar, kuma ba duka ne ƙarfinsu ya zo ɗaya ba.

Ta farko, wadda ta fi nauyi, ita ce cewa fiɗiya canza halittar Allah ce, bisa aya ta 119 ta Suratun Nisa'i. Gaskiya ne an ruwaito daga wasu magabata cewa fiɗiyar dabbobi na cikin abin da ayar ke nufi, amma wasunsu sun fassara ta da canza addinin Allah, kuma malaman fiƙihu ba su ɗauki hanin ya game kowace dabba ba. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa tun kaka da kakanni, ta halatta fiɗiyar awaki da tumaki saboda tana gyara namansu, ta kawo hani a kan dawakai. An kuma ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi layya da raguna biyu dandaƙaƙƙu. Littafin Fatawa Hindiyya na Hanafiyya ya ambaci kyanwa da sunanta, ya ce babu laifi idan akwai amfani ko kau da cuta. Ke nan ma'aunin shi ne maslaha. Idan daɗin naman taure ya isa dalili, kare ran yaro daga cizon mahaukacin kare ya fi cancanta ya isa. Saɓani yana nan, domin akwai malaman da suka karhanta, amma mas'alar saɓani ba a mayar da ita haramun yankan shakku.

Ta biyu ita ce aikin azabtarwa ne. Wanda ya taɓa ganin yadda ake dandaƙar bunsuru a ƙauye, an danne shi, an sa itace da guduma yana kuka, ya san inda wannan tsoro ya samo asali. Aikin asibiti ba haka yake ba: dabbar tana barci, an aske wurin an wanke, an ɗaure jijiyoyin jini, an ɗinke, an ba ta maganin zafi. Azabar da ta fi wannan tana wurin da ba a dubawa. Mage na iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar, cikinta kwana 63 zuwa 65 ne, tana haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Yawancin 'ya'yan da ta zuba a titi ba sa kai wata shida. Wasu a kwali ake zuba su idanunsu ba su buɗe ba, a kai bola, rana ta ƙarasa su. Hadisin matar da ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa ya fi kusa da wannan kwalin fiye da teburin likita. Ga karya kuma, cire mahaifa yana raba ta da ruɓar mahaifa, ciwon da ke kashe tsofaffin karnuka mata, yana kuma rage yaɗuwar ƙarin da karnuka ke ɗauka wajen barbara.

Ta uku: a zuba guba ko a harbe su, a huta. An gwada. A 1910 hukumomin Istanbul suka kwashe dubban karnuka zuwa tsibirin Sivriada, yunwa da ƙishirwa suka kashe su, kuma titunan birnin suka sake cika. A Bali ta Indonesiya, bayan ɓarkewar ciwon haukan kare a 2008, an kashe karnuka fiye da 100,000 cutar ba ta tsaya ba, sai da aka koma ga rigakafin gama-gari a 2010 ta fara ja da baya. Dalilin a fili yake. Muddin bola da bayan kwata suna nan, abinci yana nan. Karnukan da suka tsira za su hayayyafa, na wata unguwa su shigo, kuma guba ba ta bambance wanda aka yi wa rigakafi da wanda ba a yi wa ba. A Jaipur ta Indiya an bi wata hanya: daga 1994 zuwa 2002 ƙungiyar Help in Suffering ta fiɗiye karnuka kusan 25,000 tare da yi musu rigakafi, yawansu ya ragu da kashi 28 cikin ɗari, ciwon hauka a jikin mutane ya ɓace a yankin da shirin ya shafa.

Ta huɗu ita ce mutane na fama da yunwa, bai kamata a kashe kuɗi a kan kare ba. Damuwar ta gaskiya ce, lissafin ne ya karkace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana, mai ciwon ya fara firgita da ganin ruwa, da wuya ƙwarai a tsira. Alluran da ake yi wa wanda aka ciza sun ninka rigakafin kare tsada sau da yawa, kuma talaka ne ke nemansu ya rasa. A nan akwai iyakar da ya wajaba masu goyon bayan shirin su amince da ita: fiɗiya ba ta hana hauka, rigakafi ne ke hanawa, kuma sai ya kai kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri. Aikin fiɗiya shi ne hana kwiyakwiyi marasa rigakafi su riƙa rushe wannan adadi kowace shekara. Inda kuɗi ya yi ƙaranci, allura ce farko, kuma Najeriya ta daɗe da cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom ta jihar Filato, wadda ke haɗa alluran rigakafin dabbobi.

Shi kuwa ƙaramin ƙorafin da ake rakowa da shi a gefen waɗannan hujjoji, cewa fiɗiyayyen kare ba ya gadi ko mage ta daina kama ɓera, bai da tushe. Abin da ke raguwa shi ne yawon neman mace da faɗa a kanta. Ƙibar da kan biyo bayan fiɗiya kuma ana tare ta da auna abinci.

Ta biyar ita ce araha ba ta ado. A shirin da aka tsara da kyau, sauƙin kuɗin yana zuwa ne daga tallafi da yi wa dabbobi da yawa aiki a rana guda, ba daga tauye magani ba. Sharuɗɗansa sanannu ne: likita mai lasisi, kayan aiki da aka dafa aka tsarkake wa kowace dabba, allurar barci da ta zafi, rigakafin hauka a ranar, ɗan yanka a kunne don kada a sake kama wanda aka gama da shi, da mayar da karen titi unguwar da aka ɗauko shi bayan ya farfaɗo.