Jan haske ba ya wanke gyambo

Tallan nan na ƙaramar na'ura mai jan haske da ke yawo a WhatsApp da Facebook, wai ana haska ciwo da ita ya warke, ya kamata mu tattauna shi tun kafin wani ya sayar da buhun gero ya tura kuɗi.

Abin dai yana da asali. A 1967 wani likita ɗan ƙasar Hungari, Endre Mester, ya haska ɓerayen da aka aske da leza marar ƙarfi, sai ya ga gashinsu ya fi saurin tsirowa. Daga baya ya gwada a kan raunukan mutane. Hasken ba ya ƙona fata. Ratsa ta yake yi kaɗan, ƙwayoyin jiki su samu ƙarin kuzarin ɗinke nama, kumburi ya ɗan sauka. A 2018 hukumar NICE ta Ingila ta amince da shi wajen gyambon baki da maganin ciwon daji ke jawowa. To amma fa a asibiti ne, kuma da awo, don in hasken ya yi yawa amfaninsa ɓacewa yake yi.

Mu kuwa abin da ke cin mu daban ne: gyambon ƙafar mai ciwon suga, saran hauya da aka ɗaure da tsumma, ƙunar salansar kabu-kabu. Game da ƙafar mai suga, hujjar ba ta da ƙarfi, har ƙwararrun duniya a fannin ba su sa shi cikin shawarwarinsu na 2023 ba. Haske ba ya cire ruɓaɓɓen nama, ba ya sauke suga, ba ya maye gurbin allurar tetanus.

Ba sai mun je nesa ba. Asibitin kutare na Danja, kusa da Maraɗi, ya shekara da shekaru yana fama da gyambon ƙafa. Me ake koya wa mai ciwo a irin wannan wuri? Jiƙa ƙafa a ruwa, goge kanta, shafa mai, takalmi mai taushi, da hutar da ƙafar. Abin ba shi da ƙyalli, shi ya sa ba mai tallansa.

Tsoronmu ba kuɗin kaɗai ba ne. Mako biyun da mutum zai kwashe yana haska ƙafa a ɗaki, cikinsu ne ciwon kan kai ga ƙashi, a ƙare da maganar yankewa. Ga kuma yara: leza a ido ba wasa ba ce.

Wanda ciwonsa ya soma wari, ko ya yi baƙi, ko zazzaɓi ya biyo baya, don Allah a kai shi CSI ko asibitin Agiye a ranar. Mai na'urar ya tafi da ita, ya nuna wa ma'aikacin lafiya kafin ya sake kunna ta.