Tausar Tailan ko ta danna tsoka: a fara sanin ciwon tukuna

Da zarar kaka ta yi, manoman Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura kan kwana da ciwon baya da ƙugu. A da, mai tausa ake nema, ko wanzami ya kafa ƙaho. Yanzu tallan Facebook da TikTok ya kawo sababbin sunaye: tausar Tailan da tausar danna tsoka.

Ba ɗaya ba ne. Ta Tailan, wadda UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2019, a kan shimfiɗa ake yin ta, mutum na sanye da tufafinsa, ba a shafa mai. Miƙar da jiki ake yi, don haka ta fi dacewa da wanda gaɓoɓinsa suka riƙe. Ɗayar kuwa da mai ake yi, a danna tsoka da ƙarfi har da gwiwar hannu, kuma takan bar tsamin jiki kwana ɗaya ko biyu.

Inda haɗarin yake shi ne ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. Mai yiwuwa gudan jini ne ya toshe jijiya, kuma murzawa na iya tura shi huhu. Mai irin wannan ƙafa, da mai juna biyu, da wanda ya faɗo daga babur, su nufi Babban Asibitin Kazaure ko asibiti mafi kusa kafin kowa ya taɓa su.