Haba ɗalibai! Halima ba abar dariya ba ce

Takanas na taso daga Amarawa zuwa Sakkwato don in kalli yadda ɗaliban wata kwaleji za su gabatar da 'Uwar Gulma' na Mohammed Sada. Wallahi na yi da-na-sanin kuɗin mota.

Duk wanda ya karanta littafin ya san wanda marubucin ya nufa da bulalarsa: Hayatu, mijin da ke yawon banza ya bar Halima da yunwa. Shi ya kamata a yi wa dariya har ya ji kunya. Amma daraktan namu sai ya juya abin. Ya mayar da Hayatu wani ɗan gaye mai kwaikwayon marigayi Ibro, Halima kuwa sakarya mai kukan banza. Da ya ɗaga hannu zai mare ta sai ɗakin ya kaure da shewa da tafi. Har da 'yan mata!

Za a ce ai barkwanci ne. To, shi kan sa Ibro, wanda ya rasu a 2014, sau nawa ya fito a maigida marowaci dariyar ta ƙare a kansa?

A nan bakin iyaka mun san matan da miji ke tsallakawa Ƙwanni ya yi kwanaki bai bar ko kuɗin cefane ba. Waɗannan ɗalibai gobe su ne malaman 'ya'yansu. Malaman da suka zauna a sahun gaba suna tafi, don Allah sun karanta littafin kuwa?