Ina Kwana? Hakkin Barcin Majiyyaci a Wuyan Mutanen Zongo

Iyayena da 'yan'uwana na Amoutivé da sauran unguwannin Lome.

Bahaushe ba ya buɗe zance da safe sai ya fara tambayar dare: ina kwana, an tashi lafiya? Amsar kuwa ɗaya ce tun kaka da kakanni, wato lafiya lau. Ladabi ne mai kyau, ban zo rushe shi ba. Sai dai a cikin gidajenmu akwai mutanen da suke furta wannan amsa idanunsu jajur, alhali tun sallar isha'i ba su runtsa ba, kuma mu masu tambayar mun fi son kada su faɗa mana gaskiya. A kan waɗannan bayin Allah nake son mu yi magana yau: masu ciwon suga, masu hawan jini, masu ciwon zuciya da na ƙoda, masu asma, da yaranmu masu sikila.

Na shafe fiye da shekara ashirin ina riƙe da alƙalami a zauren Maigida, ina rubuta abin da aka kawo da abin da aka yanke. A bazarar bara wani magidanci ya shigo da ƙarar matarsa. Ya ce ta zama raguwa, ba ta tashi asuba sai an tashe ta sau uku, da hantsi tana gyangyaɗi a kan tiren sana'arta, kuma ta koma mai saurin fushi. Uwarsa ta ce iska ce. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an sayo mata ƙwayoyin barci wurin mai tebur, abin bai canza ba. Shaida yake nema domin ya mayar da ita gidansu.

Maigida ya sa aka kira ta. Bayan ta durƙusa ta gaishe shi, sai ya ce, "Ɗiyata, yaya kike kwana?" Ta yi shiru har muka ɗauka ba za ta amsa ba, sannan ta ce, "Baba, shekara takwas ina da ciwon suga, yau ne aka fara yi mini wannan tambaya ana jiran amsa." Ta ce takan fita fitsari sau biyar ko shida kowane dare, tafin ƙafafunta kuma na zafi kamar ta taka garwashi, har takan zauna ta tsoma su cikin bokitin ruwa sai an kira assalatu. Mijin yana zaune, kansa a ƙasa. Ɗaki ɗaya suke kwana, bai sani ba.

Ba don in tozarta kowa na kawo wannan labari ba, don kuwa laifin namu ne gaba ɗaya. Abin da nake cewa shi ne, rashin barcin mai doguwar jinya reshe ne na ciwonsa, yana da sanadi da za a iya ganowa, kuma al'ummarmu tana ƙara masa nauyi ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce mugun suna. Idan mace ce, sai mu ce aljanu ko sammun kishiya. Idan namiji ne, sai mu ce tunanin duniya ya yi masa yawa, ya rasa tawakkali. Idan ya yawaita ƙorafi, sai a fara raɗa cewa kansa ya taɓu, saura a kai shi Zébé, asibitin masu taɓin hankali da ke Aného. Tsoron wannan raɗa ya sa da yawa suka haɗiye damuwarsu. Alhali kuwa bayanin a fili yake. Idan suga ya yi yawa a jini, ƙoda takan fitar da shi tare da ruwa mai yawa, shi ya sa fitsarin dare da ƙishirwa. Idan ya daɗe yana hawa, yakan lalata jijiyoyin ƙafa, zafinsu kuma ya fi tsanani da dare. Mai raunin zuciya, in ya kwanta miƙe, ruwa kan taru masa a huhu, numfashi ya gagara, sai ya kwana a zaune. Asma takan fi tashi a ƙarshen dare. Mai sikila, sanyin hunturu na Disamba da Janairu da ƙarancin ruwa a jiki kan tayar masa da ciwon ƙashi. Har maganin kansa kan zama sanadi: ƙwayar sa fitsari da ake ba masu hawan jini da kumburin ƙafa, irin su Lasilix, in aka sha ta da yamma, a hanyar bayan gida za a kwana. Wanne ne aljani a cikin waɗannan?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ciwo na hana barci, rashin barci kuma na ƙara ciwo. A 1999 masu bincike a Jami'ar Chicago ta Amurka sun taƙaita barcin samari 11 lafiyayyu zuwa awa 4 kowane dare har dare 6, sai suka ga jikinsu ya yi rauni ƙwarai wajen sarrafa suga. Samari ke nan masu jini a jika, ina ga dattijuwar da ta shekara takwas a haka? Haka nan, jinin mai lafiya yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari idan yana barci, jijiyoyi su huta. Wanda bai yi barci ba bai sami wannan hutu ba. Akwai kuma minsharin da muke mayarwa abin dariya a majalisa. Idan mai minshari yana ɗauke numfashi na ɗan lokaci sannan ya farka a firgice kamar an shaƙe shi, maƙogwaronsa ne ke toshewa, wani lokaci sau da yawa a cikin awa ɗaya, kuma wannan na daga cikin dalilan da ke sa hawan jini ya ƙi jin magani. Matarsa ce kaɗai shaida, mu kuwa mun koya mata cewa faɗin haka tona asirin miji ne.

Hanya ta biyu ita ce ƙwayar tebur. Da zarar wani ya ce ba ya barci, sai ka ga mai tausayi ya ciro ƙwayar diazepam, wadda muka fi sani da Valium, ko tramadol in da ciwon jiki. Ba takardar likita, ba tambayar wane magani yake sha. Daren farko mutum ya yi barci kamar gawa, ya yi ta sa albarka. Bayan 'yan makonni ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu, daga nan kuma ba barci sam sai da ita. Tsoho ya tashi fitsari cikin magagi ya faɗi ya karya ƙugu. Mai toshewar maƙogwaro kuwa, wannan ƙwaya tana ƙara danne masa numfashi, kuma haɗa ta da tramadol na iya kashewa. Ga gargaɗi ga wanda ya riga ya saba: kada ya yanke ta rana ɗaya, don hakan kan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. A hannun likita ake rage ta kaɗan kaɗan. Ko a ƙasashen da magani ya wadata ba da ƙwaya ake farawa ba. A 2016 Kwalejin Likitocin Amurka ta ba da shawarar cewa matakin farko ga mai daɗaɗɗen rashin barci shi ne horon gyara ɗabi'un barci da tunanin da ke tattare da shi.

Hanya ta uku ita ce wadda za ta sa wasu su yi fushi da ni: hayaniyarmu. Tun da aka rushe tsohon Zongo a 1977 aka kwashe mafi yawan jama'armu zuwa Togblékopé, waɗanda suka saura a tsakiyar gari a ɗakunan haya muke, gida ɗaya iyali biyar ko shida, bango ɗaya, tsakar gida ɗaya. Daga Fabrairu zuwa Afrilu rufin kwano yakan riƙe zafi har tsakar dare, in wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, ga sauron bakin tabki, ga ƙugin baburan zemijan. Waɗannan ba mu da iko a kansu. Amma lasifikar biki da ake kafawa a ƙofar gida har ƙarfe biyu, mu muka ɗauko hayarta. Majalisar shayi a ƙarƙashin tagar mara lafiya, 'ya'yanmu ne. Wa'azin dare da ake buɗe wa na'ura har ƙarshe, alhali masu sauraro ba su cika tabarma uku ba, namu ne. Dubiyar da ake zuwa bayan isha'i a zauna har sha ɗaya, majiyyaci na murmushin dole, mu ne. Mun iya ƙorafi kan kiɗan mashaya da kwanan addu'a na maƙwabtanmu, to da wane baki za mu roƙe su sassauci in namu ya fi nasu ƙara? Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce barci na Allah ne, addu'a ce maganinsa. Ni ma allo na fara riƙewa kafin biro, kuma ba na kwanciya sai na yi addu'o'in da malamaina suka koya mini. Amma suga ma na Allah ne, kuma ba wanda ya ce a daina auna shi. Alƙur'ani ya lissafa barci cikin ayoyin Ubangiji a Suratur Rum, ya ambace shi a matsayin hutu a Suratun Naba'i. Abin da Allah ya kira ni'ima, hana shi ga bawansa zalunci ne ko da da sunan alheri aka yi. Mun karanta a Bukhari yadda Salmanul Farisi ya kwana gidan Abud Darda'i, ya yi ta mayar da shi shimfiɗa duk lokacin da ya yunƙura zai yi nafila, sai a ƙarshen dare suka tashi tare, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. Lafiyayye ke nan aka hana wahalar da jikinsa. Fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kansa ya yarda mara lafiya ya yi salla a zaune, in ya kasa ya yi a kwance. Shari'a ta sassauta masa, mu ne muka tsananta.

Za a kuma ce talauci ne, asibiti sai mai kuɗi. Gaskiya ne magani na da tsada. Amma mafi yawan waɗanda nake magana a kansu suna da ranar ganin likita tun da ma, ko a CHU Sylvanus Olympio da ke Tokoin, ko CHU Campus, ko cibiyar masu sikila, ko ƙaramin asibitin unguwa. Faɗa wa likita yadda aka kwana ba ya ƙara ko dala a kan kuɗin ganinsa. Matsalarmu ta 'yan tsiraru a nan take: tsohuwa ba ta jin Faransanci, Minancinta na ciniki ne, sai a haɗa ta da jikanta ɗan shekara goma sha biyu ya yi tafinta. Ta yaya za ta faɗa wa jikanta sau nawa take fitsari? Sai ta ce kanta ke ciwo, a rubuta maganin ciwon kai, a dawo gida.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Iyayenmu dattawa da limamai su tsayar da doka a tsakaninmu cewa lasifikar biki da ta wa'azi tana sauka da ƙarfe goma, kuma mai shirya taro ya fara tambayar ko akwai majiyyaci a layin. Dubiya ta koma tsakanin la'asar da magariba, a gajarta ta. Ƙungiyoyin matanmu su ware manyan mata masu jin Faransanci da za su riƙa raka tsofaffi asibiti. Mai jinya ya sami ɗan littafi, mako ɗaya kafin ranar likita ya riƙa rubuta, ko da ajami ne, lokacin da aka kwanta, sau nawa aka farka, me ya tayar, da lokacin shan kowane magani. Kada wanda ya sauya lokacin maganinsa da kansa, a tambayi likita.

Kai kuma ɗan'uwana majiyyaci, akwai naka rabon aikin. Goro da shayi da Nescafé duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda rabinsa yana nan a jini bayan kimanin awa 5, don haka goron bayan magariba yana tare da kai har tsakar dare. Ka tsayar da su daga azahar. Ka riƙe lokacin tashi ɗaya, asuba ta ishe ka agogo, ka fita ka sha hasken safiya. Ƙailula ta zama gajera, kada ta kai la'asar. Idan barci ya ƙi zuwa, kada ka yi ta juyi kana ƙirga awoyi, ka tashi ka zauna da carbinka cikin duhu, ka ajiye waya, sai ka ji nauyin ido ka koma. In kuwa numfashi ne ke tashe ka, ko ciwon ƙirji, ko gumi da karkarwa irin na faɗuwar suga, wannan ba na jiran ranar likita ba ne.

Waccan baiwar Allah, 'yar yayarta ce ta raka ta asibiti. Aka tarar suganta ya yi sama ƙwarai, aka sauya mata magani, aka ba ta na zafin ƙafa. Ba ta warke ba, ciwon suga ba baƙon kwana uku ba ne, amma yanzu sau ɗaya ko biyu take tashi, ta koma sana'arta, tana ɗakinta. Takardar da mijin ya zo nema ban rubuta ta ba.

Gobe da safe, idan ka gaida mahaifiyarka ko matarka ko maƙwabcinka mai jinya ya ce lafiya lau, ka ɗan zauna ka sake tambayarsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya yafe mana abin da muka tauye na hakkinsu.