Kurma Bai Ji Ba, Mu Kuma Mun Ƙi Ji

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata ya san irin wannan rana. Matashi ya shigo da takardunsa cif, sakamakonsa ya fi na saura. Aka jefa masa tambaya, ya karkato kunnen dama ya ce, "Ranka ya daɗe, a maimaita." Da ya sake roƙo karo na biyu, 'yan kwamiti suka dubi juna. Bayan ya fita, abin da aka rubuta a gaban sunansa shi ne kansa ba ya ja. Raunin ji ne da shi, mu kuma muka lissafa masa shi a matsayin raunin basira, muka mayar da shi zaman kashe wando.

Wannan zalunci ne, kuma mu 'yan boko masu riƙe da ofisoshi muna cikin masu aikata shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2021, ta ce mutum sama da biliyan 1.5 suna da wani mataki na raunin ji, kuma miliyan 430 daga cikinsu larurar ta kai ga suna buƙatar kulawa. Kusan kashi 80 cikin ɗari na waɗannan suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. Hukumar ta ƙiyasta asarar da duniya ke yi duk shekara saboda sakaci da matsalar da kusan dala tiriliyan ɗaya, a kuɗin magani da karatun da ya lalace da aikin da ba a yi ba.

A wajenmu talauci ne ke fara kai wa kunne hari. Sanƙarau da ƙyanda suna barin yara da kurumta. Zazzaɓin Lassa yana taɓa jin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tsira. Ciwon kunne mai zubar da mugunya, wanda magani kaɗan ke warkarwa, akan bar shi har ya huda dodon kunne. Ga kuma allurai irin su gentamicin da ake dirka wa mutane a kemis ba tare da awo ba. Sai sana'o'in talaka: mai injin niƙa, mai walda, mai yankan katako, da mai shagon da janareta ke ruri a bayansa tun safe har dare. Ƙa'idar masana ita ce ƙarar da ta kai desibel 85 kada ta wuce awa takwas a kunne, kuma duk ƙarin desibel uku yana rage lokacin da rabi. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne, in suka mutu ba sa sake tsirowa.

Daga nan sai kurumtar ta juyo ta ci aljihu. Yaron da bai ji malami ba yakan zauna a bayan aji, a kira shi daƙiƙi, ya bar makaranta. Ɗan kasuwan da ba ya iya ciniki ta waya yakan rasa abokan hulɗa. Ma'aikacin da ya daina gane abin da ake faɗa a taro yakan yi shiru, a tsallake shi wajen ƙarin girma. Na'urar taimaka wa ji kuwa ta fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Har a gida, magidancin da kunnensa ya yi nauyi akan daina shawara da shi, budurwa kurma kuma a yi mata auren alfarma kamar an taimake ta.

Za a ce aiki ba sadaka ba ne, ofis yana buƙatar mai ji. To, aikin akawu da zane da ɗinki da sarrafa kwamfuta, wanne ne ake yi da kunne? Yau rabin umarnin ofis a WhatsApp ake bayarwa. Kakanninmu ma sun fi mu adalci: a Kano an daɗe da sarautar Sarkin Bebaye, kuma maganar hannu ta Hausawa harshe ce da masu ji da yawa suka iya a kasuwa. Mu ne muka zo da tsarin da ke auna mutum da saurin amsa tambaya a baki.

Doka ma tana nan. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Mai karatu ya ƙirga ma'aikatan ofishinsu ya ga ko an cika.

Gyaran ba ya buƙatar kasafin biliyoyi. A ba mai neman aiki damar amsa tambaya a rubuce. A rubuta abin da aka yanke a taro a raba wa kowa. Mai masana'anta ya saya wa ma'aikatansa abin toshe kunne. A kai yara rigakafi, a gwada jin jarirai tun a asibiti. Wanda ya fara ƙure ƙarar rediyo ya je a auna shi, ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Kurma yana da uzuri a kan abin da bai ji ba. Mu da aka gaya wa, muka yi kunnen uwar shegu, wane uzuri za mu bayar?